Takardar sallama: yadda na sauya ƙungiya ina zaune a Zariya

Kakar wasa ta ƙare a watan Mayu, na dawo gida Tudun Wada gwiwata ta hagu tana ciwo, ƙungiyar da na yi wa wasa a arewacin Afirka kuma tana riƙe da albashina na watannin ƙarshe. Mutanen unguwa suna ta zuwa sannu da zuwa, a ganinsu ɗan ƙwallon kwando ya dawo hutu daga ƙasar waje. Amma duk wanda ke cin abinci da wannan sana'a a matakin da nake ya san cewa daga ranar da aka busa usur na ƙarshe ya zama marar aiki, sai ya nemo wata ƙungiyar kafin Satumba. Galibi wata 8 zuwa 10 ake biyan mu a shekara, babu mai ba ka kuɗin damina. Na bar waccan ƙungiya na koma wata a Sifaniya, kuma kusan duk matakan na bi su ne daga nan Zariya, da waya a hannu.

A filin ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na koyi wasa, kamar yawancin 'yan garin nan da suka yi nisa a harkar. Duk yaron da ya taɓa jefa ƙwallo a wannan fili ya ji sunan Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ake kira OBJ, kuma ya san Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, aka zaɓe shi gwarzon jami'in gudanarwa na NBA a 2013 yana Denver, sannan ya ɗauki kofi da Toronto a 2019. Ƙarshen labarinsa ake yawan faɗa wa yara. Ni tsakiyarsa ta fi yi mini amfani: shekarun da ya yi yana yawo tsakanin ƙananan ƙungiyoyi a Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashen Turai, bana nan baɗi can, kafin ya ajiye wasa ya fara nemo wa Orlando 'yan wasa ba tare da albashi ba. Rayuwar mafi yawanmu ke nan. Na fara da wata ƙungiyar arewa a gasar cikin gida, rukunin Savannah. Da rikicin shugabanci ya raba harkar ƙwallon kwando ta ƙasa gida biyu a 2017, gasa ta riƙa tsayawa tana tashi, sai kowa ya fara duban waje. Na fita gabashin Afirka, daga can na haura arewa.

Matakin farko na barin ƙungiyar tun ina can aka ɗauke shi. Kwantiragina na shekara biyu ne, kuma tun tsakiyar shekarar farko albashi ya fara makara. Duk sanda na yi magana, shugaban ƙungiya sai ya dafa kafaɗata ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Mutum ne mai fara'a, da azumi har gidansa ya kai ni shan ruwa, aka cika mini gaba da dabino da miya mai zafi. Amma ejan ɗina, wakilin da ke nemo mini ƙungiya, ya dage kada in bar maganar a fatar baki. Akwai sakin layi a kwantiragin da ya ce idan biya ya makara kwana 30, ina da ikon rubuta gargaɗi in ba su wa'adi, idan wa'adin ya cika ba su biya ba in soke kwantiragin da kaina, bashin kuma yana nan a wuyansu. Muka rubuta, muka aika ta adireshin imel ɗin da ke cikin kwantiragin, domin shi ne hukuma za ta karɓa, ba WhatsApp ɗin wani jami'i ba. Na ji nauyin abin ƙwarai. Yadda aka rene mu, wanda ka ci abincin gidansa ba ka aika masa da irin wannan takarda. Ba su ba da amsa ba. Na buga sauran wasannin har ƙarshe, ban yi fashin atisaye ba, saboda kada a samu abin kama ni da shi. Bayan wasan ƙarshe muka aika takarda ta biyu mai soke kwantiragi, na haɗa kayana.

Da na ɗan huta sai aka shiga neman kasuwa. Babu kocin da zai sayi tikiti ya zo Zariya ya kalle ka, bidiyo ake aikawa. Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Samaru ne ya zauna da ni muna yankan wasannina, mu yi aiki in an kawo wuta, in an ɗauke mu koma shagon abokinsa mai janareta a bakin titin jami'a. Shi so yake a cika bidiyon da wuraren da na yi tsalle na danƙara ƙwallo cikin kwando 'yan kallo suna ihu. Ejan ya ce a rage. Kocin Turai yana son ganin yadda kake tare wa abokin wasanka hanya, yadda kake komawa baya da gudu in an ƙwace ƙwallo, yadda kake sa jiki ka danne mutum kafin ƙwallon da ta daki ƙarfe ta sauko. Bayan gajeren bidiyon sai su nemi cikakken wasa, har da wanda aka ci ku, don su ga halinka in abu ya ɓaci. Sannan su buɗe shafin Eurobasket su gwada alƙaluman da ka faɗa da waɗanda aka rubuta. Abin da ya taimake ni shi ne ƙimar da gasannin arewacin Afirka suka samu. Tun da aka fara gasar BAL ta manyan ƙungiyoyin Afirka a Kigali a 2021, Zamalek ta Masar ce ta fara ɗauka, US Monastir ta Tunisiya ta bi a 2022, Al Ahly ta Masar ta karɓa a 2023. Wanda ya yi cikakkiyar kaka a wannan yanki ba a raina takardunsa.

Maganar ejan kuwa, nan ne ake cutar yaranmu. FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ita ke ba ejan lasisi bayan jarrabawa, kuma sunayen masu lasisin suna nan a shafinta, kowa zai iya dubawa da wayarsa. Ladan ejan ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwantiragi, kuma sai an sa hannu yake samu. Duk wanda ya biyo ka ta Facebook ko Instagram da tambarin wata ƙungiyar Turkiyya, ya ce ka turo kuɗin biza ko na rajistar gwaji, ɓarawo ne, kada ma ka tsaya musu da shi. Na san wani yaro a Sabon Gari, dogo, mai hannun jifa, da mahaifinsa ya sayar da fili saboda irin wannan saƙo. Ranar da kuɗin ya shiga, ranar aka kashe lambar. Yaron ko 18 bai cika ba, alhali dokar FIBA ta hana ɗaukar wanda bai kai waɗannan shekaru ba daga ƙasa zuwa ƙasa sai da wani dalili na musamman da ita kanta za ta bincika. Har yau in na haɗu da dattijon nan a masallacin Juma'a raina ɓaci yake.

Ana cikin wannan, jiki ba ya jira. Bayan sallar asuba nakan yi gudu ta hanyar Wusasa zuwa gindin Dutsen Kufena in dawo, da yamma in tafi Samaru. A watan Yuli da Agusta kafin a fara atisaye sai an yi shara. Da tsintsiya da tsohon buhu muke korar ruwan da ya kwanta ƙarƙashin kwando, mu jira siminti ya sha iska. Ƙwallon da ta jiƙe takan yi nauyi, fatarta ta yi santsi, sai ka riƙa goge ta da gefen rigarka tsakanin jifa da jifa. Ƙananan yara suna tsaye suna tsinto mini, in na gama in tsaya in gyara musu tsayuwar ƙafa da ɗagin gwiwar hannu. Siminti ba ya tausayin gwiwa, don haka na rage tsalle na ƙara jifa daga nesa, domin na san inda na dosa. Tsayina ya ɗan haura mita biyu. A gida ni ne dogon da ke tsayawa ƙarƙashin kwando, a Turai kuwa mai irin tsayina dole ya iya jefawa daga bayan layin maki uku, mita 6.75 daga kwando, ko ya zauna a benci.

Tayin da ya fara zuwa daga wata ƙasar Larabawa ta yankin Gulf ne. Kuɗinsa ya fi, amma wata-wata ake sabuntawa, kuma na san yadda abin yake: in aka ci ƙungiya wasa biyu a jere, baƙon ɗan wasa ake fara sallama. Ɗaya tayin daga Sifaniya ne, mataki na uku, wanda a lokacin ake kira LEB Plata, ƙasa da LEB Oro da kuma babbar gasarsu ta ACB. Kuɗin bai kai ba, garin ƙarami ne, amma masu neman 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi suna kallon wasannin, kuma wanda ya yi ƙoƙari yana iya hawa mataki a kaka guda.

Akwai dalilin da ya sa suka so ni wanda ba ya rasa nasaba da fasfona. A Sifaniya da Faransa ana ƙayyade yawan 'yan wasan da ba na Tarayyar Turai ba da ƙungiya za ta yi wa rajista, kuma waɗannan 'yan guraben Amurkawa ake ajiye wa. To amma a lokacin akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kwatano a shekarar 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik, Najeriya na ciki, wadda ta hana nuna bambanci ga ma'aikacin da ya fito daga waɗannan ƙasashe muddin yana aiki bisa ƙa'ida. Saboda ita, ɗan Najeriya ba ya cinye gurbin Ba'amurke. Koren fasfon nan yana da daraja a wannan kasuwa fiye da yadda muke zato, har a 2015 aka gano wasu Amurkawa biyu a gasar Sifaniya suna wasa da fasfon Equatorial Guinea mai lamba iri ɗaya. Ga kuma sunan da D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya, suka yi mana, daga kofin Afirka da suka ɗauka a Tunisiya a 2015 bayan doke Angola da ci 74 da 65, zuwa doke Amurka da suka yi 90 da 87 a Las Vegas a 2021. Na zaɓi Sifaniya.

Da kwantiragin ya iso na buga shi a takarda na kai wa kawuna, lauya ne da ke koyarwa a reshen jami'a na Kongo a nan Zariya. Bai taɓa kallon wasan kwando daga farko zuwa ƙarshe ba, amma ya ɗauki jan biro ya bi shi layi-layi, ni ina zaune a kan kujerar ɗalibai.

Ya ce, “Ɗana, wannan adadin da suka rubuta, kafin haraji ne ko bayan haraji?”

Na ce, “Kawu, ejan ya ce bayan haraji ne.”

Ya ce, “Ejan ne ya ce, takarda ba ta ce ba. A rubuta.”

Haka ya bi sauran. Ranar biya a kowane wata, a sa lamba, kada a ce farkon wata. Gida: ɗakin kaina ne ko haɗa ni za a yi da wani, wa ke biyan wuta da ruwa da na ɗumama ɗaki. Tikitin zuwa da na dawowa, daga wane filin jirgi. Wa zai biya ladan ejan. An rubuta kwantiragin da Sifaniyanci da Ingilishi gefe da gefe, sai ya tambayi wanne ke aiki in suka saɓa, ya sa aka rubuta Ingilishi. Inda ya fi daɗewa shi ne rauni. Asalin rubutun ya ba ƙungiya ikon sallamata in na yi wani lokaci ban buga ba. Kawu ya zagaye wurin da jan biro har ya kusa huda takardar, ya ce mutum ba zai karye a aikinku ba sannan ku jefar da shi. Aka yi ta kai-kawo ta hannun ejan, a ƙarshe suka yarda cewa raunin da ya same ni a wasa ko atisaye ba ya tsayar da albashi har ƙarshen kaka. Ni kuma na yarda da ɗan lokacin gwaji da sharaɗin cin gwajin likita. Muka ƙara cewa in ƙungiyar mataki na sama ta neme ni a tsakiyar kaka, ga adadin da za a biya a sake ni. Na sa hannu a shagon hoto da ke PZ, aka ɗauki hoton takardun aka aika.

A nan mutane ke zaton an gama, alhali nan ne babban aikin ya fara. Ba a yi wa ɗan wasa rajista a wata ƙasa sai da takardar sallama daga ƙasar da ya yi wasa na ƙarshe. Da yawa daga cikinmu suna zaton daga Najeriya ake karɓarta tunda nan ne gida. A'a, hukumar ƙasar da lasisinka na ƙarshe yake ita ce mai bayarwa. Sabuwar ƙungiya ta gaya wa hukumar ƙasarta, ita kuma ta shigar da buƙata ta manhajar FIBA a intanet, sai tsohuwar hukuma ta tambayi tsohuwar ƙungiyarka. Kwana 7 aka ba su su amsa. Kuma dalili ɗaya tak doka ta yarda a ƙi bayarwa da shi: ɗan wasa yana da kwantiragi mai rai da ƙungiyar. Rigimar kuɗi tsakaninku, ko kai kake bi ko su suke bi, ba ta zama hujjar riƙe takarda.

Mutanen tsohuwar ƙungiyata suka ƙi. Suka ce ina da sauran shekara guda a hannunsu.

Washegari shugaban ƙungiyar ya kira ni da kansa. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi Baba da Inna, sannan ya ce abin mai sauƙi ne: zai aiko da 'yar takarda in sa hannu cewa ba na bin su komai, shi kuma a yau ɗin nan zai sa a saki sallama. Ya san lokacin da ya zaɓa. Agusta ta yi nisa, 'yan wasan sabuwar ƙungiyata sun fara atisayen share fage, gasa za ta fara a Oktoba, kuma kocin ya riga ya gaya wa ejan cewa ba zai jira ni har abada ba, akwai wani ɗan Senegal da suke dubawa. Na kwana ina lissafi. Bashin da nake bi kuɗi ne mai yawa a wurinmu, amma rasa kaka gaba ɗaya ya fi shi tsada.

Da daddare na zauna na yi wa iyayena bayani. Inna ta saurara har na gama, ta ce, “Wato kamar macen da aka saka aka hana ta takarda, ga manemi ya fito babu halin ɗaura aure.” Na ce haka ne, Inna. Ta ce in dai don kuɗi ne in bar musu, Allah zai mayar mini ta wata hanya, ita ba ta son in kwana da damuwa. Baba ya yi shiru yana jan carbi. Ya yi shekaru yana ɗinkin aska a manyan riguna a cikin birni, ya sha bin manyan mutane bashi.

Ya ce, “Takardun da kuka aika musu, suna nan?”

Na ce, “Suna nan, Baba, da ranar da aka aika kowacce.”

Ya ce, “To kada ka sa hannu. Na sha yafe bashi, amma da kaina na yafe, ba wanda ya shaƙe ni. Kada ka zage shi, kada ka ɗaga masa murya. Ka kai takardunka inda ake dubawa.”

Haka aka yi. Hukumar Sifaniya ta kai maganar gaban FIBA, aka nemi kowane ɓangare ya kawo hujjarsa. Muka aika kwantiragin, da takardar gargaɗi, da ta sokewa, da bayanan asusuna na banki da ke nuna watan da kuɗi ya daina shiga. Su kuma ba su da rasidin biya, ba su da amsar da suka taɓa ba ni. Kwanakin jiran nan su ne mafi wuya a duk tafiyar. Nakan ajiye waya a gefen fili ina atisaye, da na ji ƙara in bar ƙwallo in ruga. Ejan ya yi ƙoƙari, kullum yana kiran kocin yana lallaɓa shi, ni kuma ina aika masa bidiyon atisayena a kan simintin Samaru don ya ga ban zauna ba. Daga baya kocin ya gaya mini cewa bidiyon yaran nan da tsintsiya suna share ruwa ne ya sa ya ƙara haƙuri. Hukunci ya fito: an yarda a yi mini rajista a Sifaniya. Ba su taɓo maganar bashi ba, wannan tana da nata zauren daban.

Biza ba ta da wata rigima, haƙuri kawai take ci. Ƙungiya ce ke fara nemo izinin aiki daga hukumomin can, sannan ka nemi biza da shi. An buƙaci takardar 'yan sanda mai shaida ba ni da laifi, da ta likita wadda na yi a asibitin koyarwa na Shika, aka kai su Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja aka tabbatar da su, aka fassara su zuwa Sifaniyanci. Mota daga Kwangila zuwa Kaduna, jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, a dawo, a sake komawa. Wasu ƙananan ƙungiyoyi sukan ce ka zo da bizar yawon buɗe ido, a gyara daga baya. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin wanda ba shi da izinin aiki ba shi da bakin neman haƙƙinsa, kuma ko rangwamen Kwatano sai mai aiki bisa ƙa'ida yake shafa.

Na sauka Sifaniya, washegari aka wuce da ni asibiti. Suka manna mini wayoyi a ƙirji suka sa ni gudu a kan na'ura har numfashi ya ƙare, suka ɗauki hoton zuciya, suka ɗebi jini, sannan suka shigar da gwiwar hagu cikin na'urar MRI. Tun ina gida na sa ejan ya gaya musu labarin gwiwar, na aika da tsohon hotonta, don in likita ya gano abin da ka ɓoye, ƙungiya tana da ikon mayar da kai da tikitin da ka zo da shi. Likitan ya ce kumburi ne na yawan aiki, jijiyoyi lafiya, ya rubuta mini motsa jiki na musamman.

A fili kuwa sai na koma ɗalibi. Dokokin iri ɗaya ne da na ko'ina ƙarƙashin FIBA, zango huɗu na minti 10, daƙiƙa 24 don kai hari, laifi biyar ka fita, amma abin da ake nema a wurina ya canza gaba ɗaya. A arewacin Afirka baƙo aka ɗauko don ya ci maki, a ba shi ƙwallo a kauce. Nan kuwa kowane hari yana da suna da lamba, ƙwallo sai ta zagaya hannu huɗu ko biyar, kuma in ka makara da taki ɗaya wajen tare hanya, mataimakin koci zai tsayar da bidiyo a gaban kowa ya nuna ƙafarka. Kalmomin fili na fara koya kafin na gaisuwa. Mintunana sun ragu, makina sun ragu, amma na fahimci wasan fiye da yadda na taɓa fahimta, kuma ina ganin duk kocin da ke horas da yara a Zariya ya kamata ya ƙara ba tsaro da karatun fili muhimmanci, don tsalle da ƙarfi muna da su tun fil'azal. Wajen cin abinci, naman alade yana shiga kusan komai a can, sai na gaya wa mai kula da 'yan wasa tun ranar farko, na kuma samo wani mahauci ɗan Maroko a bayan tashar jirgin ƙasa, shi ya nuna mini inda ake Juma'a. Lasisina ya fito ana gobe wasan farko.

Saura bashin. A tsohon kwantiragina akwai sakin layin da ya ce duk rigimar da ta taso a kai ta BAT, kotun sasanci ta ƙwallon kwando da ke Jeniba a ƙasar Suwizalan. Alƙali ɗaya ne ke duba ƙara, galibi a rubuce, ba sai ka je ba. Sai dai ba kyauta ba ce: mai ƙara yana fara ajiye kuɗin buɗe fayil da na aikin alƙali, ga kuɗin lauya, shi ya sa in bashin ƙarami ne wasu ke haƙura. Na tara daga albashin watannin farko na shigar. Takardun nan dai da suka fitar da sallama su suka sake aiki, aka yanke cewa su biya ni da kuɗin shari'a. Suka yi shiru na wani lokaci. Amma ƙungiyar da ta ƙi bin hukuncin BAT, FIBA tana iya hana ta ɗaukar sababbin 'yan wasa, kuma da kasuwa ta buɗe suka ga abin zai taɓa su, lauyansu ya nemi a raba biyan kashi-kashi. Na yarda, aka rubuta, suka biya.

Wani abokin wasana a tsohuwar ƙungiyar, ɗan Mali, wanda suke riƙe wa fiye da nawa, ya ji labari ya kira ni ya nemi lambar lauyan. Na ba shi. Lauyan ya duba kwantiraginsa ya ce babu sakin layin BAT a ciki, don haka kotun ba ta da hurumi, sai dai ya bi ta kotunan ƙasar, kuma bai taɓa aika musu gargaɗi a rubuce ba. Har yanzu yana bi. Da ya samu sabuwar ƙungiya a Ruwanda, na tura masa hoton shafukan da Kawu ya zagaye da jan biro, ya sa aka shigar da su a nasa kafin ya sa hannu.